Farashin da na gani daban, wanda na biya daban: me ke damun tikitin jirgin sama?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙorafi na kawo, kuma ina son masana su wayar min da kai, don har yanzu raina bai huce ba. Na zauna neman tikiti na mu uku, ni da Ilham da ƙaninta mai shekara huɗu. Na ga wani farashi mai sauƙi har na yi hamdala. Da na danna, shafi na biyu ya ce babu akwati a ciki, sai na saya. Na saya. Shafi na uku ya buɗe min taswirar kujeru: ni a layi na 9, Ilham a na 22, yaron a can na 31 kusa da bayi, tsakanin mutane biyu da bai taɓa gani ba. In ina so mu zauna tare, kowace kujera da kuɗinta. Wace uwa ce za ta ƙi biya? Can ƙasa kuma na tarar an riga an zaɓa min inshorar tafiya ban nema ba, sai da na lura na cire. Da na zo biya aka ƙara wani abu wai kuɗin amfani da kati. Jimillar ta kusa ninki ɗaya da rabi na abin da na fara gani.

Ban gama da su ba ashe. A ƙofar shiga jirgi wata ma'aikaciya ta ce in saka jakar hannuna a cikin wani kejin ƙarfe. Jakar ta shige tsaf, tayoyin ne kawai suka leƙo sama. Tayoyi fa! Aka caje ni fiye da kuɗin babban akwatin da na biya ta intanet, ga layi a bayana, ga yaro yana kuka. Don Allah me ya kawo wannan? Tsadar mai ce ko dai kawai an ga wuyanmu ne?

Alhaji Tanko:
Wa alaikumus salam Hajiya. An ga wuyanmu ne, kada ki wahalar da kanki. Shigo-shigo ba zurfi ke nan. Shekara da shekaru ina hawa jirgi don harkar kasuwa, da tikiti ɗaya kake biya ka samu akwati biyu, abinci, bargo, har da alewa lokacin sauka. Yanzu saura iskar da muke shaƙa su saka mata mita.

Nura Ɗalibi:
Anti Maman Ilham sannu, abin tayoyin nan bai yi daɗi ba. Amma Alhaji, da girmamawa, ni ina ganin abin ta wani gefen. Ni da 'yar jakar goyo kawai nake tafiya. A tsarin da kuke yabo, kuɗin akwatinku biyu yana cikin tikitina ko na ɗauko kaya ko ban ɗauko ba. Wato ni ɗalibi nake taya ɗan kasuwa biyan dakon kayansa. Yanzu kowa ya biya abin da ya ci. Ba don kamfanonin arahar nan ba, da irina ba mu ga cikin jirgi ba sai a talabijin.

Alhaji Tanko:
Yaro, ka bari ka yi aure ka haifi uku, sai ka dawo mu ji ko jakar goyo za ta isa.

Kawu Bala:
Ku yi haƙuri in sa baki, na yi fiye da shekara ashirin ina yanka wa mutane tikiti kafin intanet ta karɓe mana sana'a. Alhaji da Nura duk kuna da gaskiya, sai dai kowa ya kama ɓangare ɗaya.

Asalin abin daga Amurka ne. Kafin 1978 wata hukumar gwamnati ce ke yanke wa kamfanoni farashi da hanyoyin da za su bi. Tunda ba su iya yin gasa da farashi, sai suka riƙa gasa da abinci da faɗin kujera. Wannan ne zamanin da ake ta kewarsa, amma a tuna tikitin lokacin sai mai hali. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar musu mara, kowa ya sa farashinsa. Turai ta bi sahu daga baya, ta kammala buɗe kasuwarta a 1997, daga nan su Ryanair da easyJet suka samu filin baje kolinsu. Su ne suka kawo salon nan na sayar da kujera tsura, duk wani abu kuma a biya daban.

Manyan kamfanoni sun daɗe suna kallon abin da raini. Sai 2008 ta zo, gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 a watan Yuli. A shekarar ne American Airlines ya fara karɓar dala 15 a kan akwatin farko, sauran manyan Amurka suka bi shi cikin 'yan watanni. A 2010 Spirit ya ƙara gaba, ya sa kuɗi a kan jakar hannun da ake sawa a ma'ajiyar saman kai. Delta ya ƙirƙiro tikiti mafi ƙasƙanci a 2012, wanda ba ka zaɓar kujera ba ka canza rana, United da American suka kwaikwaya a 2017. Southwest ne ya tsaya shekaru yana alfahari da cewa akwati biyu kyauta ne a wurinsa, shi ma a watan Mayun 2025 ya miƙa wuya, dala 35 na farko, 45 na biyu. Ranar da na ji wannan labarin na ce shi ke nan, an rufe babin.

Alhaji Tanko:
Yauwa Malam Bala, ka kawo ni inda nake so. Ka ce saboda mai ya kai 147 aka sa kuɗin akwati. To kafin ƙarshen wannan shekarar ta 2008 gangar ta faɗo ƙasa da dala 40. Wa ya cire kuɗin? Ko mutum ɗaya? Dala 15 ɗin ce ma ta koma 35 zuwa 40 a 2024. Mu 'yan kasuwa mun san wannan wasan: a fake da tsada a ƙara, tsada ta wuce a yi shiru.

Kawu Bala:
Ban musa maka ba Alhaji. Har ma in ƙara maka makami. A Amurka akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan farashin tikitin cikin gida, amma kuɗin akwati ba ya cikin abin da ake cire wa wannan haraji. Ka ga duk dalar da kamfani ya ɗauke daga tikiti ya mayar kan akwati, ya tsira da ita daga hannun gwamnati. Kamfanonin Amurka sun tara sama da dala biliyan 7 a kuɗin akwati kaɗai a 2023. Wa zai saki irin wannan saniyar tatsa?

Dalili na biyu kuma mu ne da kanmu. Shafukan kwatanta farashi suna jera tikiti daga mafi araha zuwa mafi tsada, kuma kusan kowa na saman yake dannawa. Kamfanin da ya haɗa komai a farashi ɗaya sai ya faɗa shafi na biyu inda ba mai leƙawa. Don haka kowa yake fere tikitinsa har ya zama ƙashi, ya hau sama, sannan ya mayar da naman a shafukan gaba.

Maman Ilham:
Kawu wallahi haka na yi, na saman na danna. Akwai wani a ƙasansa da ya ɗan fi tsada, da na koma na duba daga baya ashe shi da akwati da kujera duk a ciki. Da shi na ɗauka da na rage asara.

Injiniya Auwal:
Salam. Ni ɓangaren gyaran jirage nake, bari in faɗi abin da muke gani a rumfar gyara, don ba duka ba ne haɗama. Abu biyu ake cakuɗawa a nan: ƙananan kuɗaɗen da ake tsinka, da tashin ainihin farashin tikiti tun bayan korona. Na farkon dabarar kasuwa ce. Na biyun kuwa babban dalilinsa shi ne jiragen ba su isa ba.

A 2020 kamfanonin jiragen duniya sun yi asarar sama da dala biliyan 130. Suka ajiye tsofaffin jirage, suka sallami matuƙa da makanikai, da yawa ba su dawo ba. Da aka buɗe iyakoki mutane suka fito tafiya fiye da yadda aka zata. To a sayo sababbi mana? Kamfani biyu ne kacal ke ƙera manyan jiragen fasinja da duniya ta dogara da su, Boeing da Airbus. Boeing 737 MAX an dakatar da shi daga Maris 2019 har kusan ƙarshen 2020 bayan haɗura biyu, na Indonesiya da na Habasha. A Janairun 2024 kuma wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jikin jirgin Alaska Airlines yana sama, hukumar jiragen Amurka ta taƙaita wa Boeing ƙera samfurin zuwa 38 a wata. A ɓangaren Airbus, a 2023 aka gano matsala a garin ƙarfen da aka yi wasu sassan injin kamfanin Pratt & Whitney da shi, wanda ke jikin jiragen A320neo da yawa. Ɗaruruwan jirage sababbi fil suka zauna a ƙasa suna jiran a ciro injin a duba, kuma layin gyaran watanni yake ɗauka. Na ga jirgi da idona, fentinsa ko dushewa bai yi ba, an toshe bakin injinsa da murfi, a wani gefen ma ba injin sai siminti da aka rataya don kada ya karkace. Kamfani yana biyan kuɗin hayarsa kowane wata, shi kuwa ko fasinja ɗaya bai ɗauka ba.

Odar jiragen da ba a kai ga miƙawa ba ta haura 17,000 a 2025. Wanda ya yi oda yau sai ya jira shekaru. Sai a ci gaba da lallaɓa tsofaffi, su kuma sun fi shan mai, sun fi cin kayan gyara.

Nura Ɗalibi:
Yaya Injiniya, man kansa kashi nawa ne a cikin kuɗin da suke kashewa?

Injiniya Auwal:
Tsakanin kwata zuwa kashi 30 cikin ɗari, ya danganta da shekara. Shi da albashi ne manya. Kuma ka lura, mai da hayar jirgi da kayan gyara da inshora kusan duk da dala ake biya. Duk ƙasar da kuɗinta ya faɗi a gaban dala, tikiti zai tashi a wurinta ko da mai bai motsa ba.

Sannan hanya ma ta ƙara tsawo. Tun Fabrairun 2022 jiragen Turai ba sa ratsa sararin samaniyar Rasha. Finnair da ke zuwa Tokyo daga Helsinki cikin kamar awa tara, yanzu kusan sha uku yake yi. Ƙarin awa huɗu na mai, da ƙarin ma'aikata, kuma jirgin da zai yi wani zuwan yana can sama bai sauko ba. Duk lokacin da rikici ya rufe wani sarari a Gabas ta Tsakiya haka ake zagaye.

Alhaji Tanko:
Injiniya, kai ma'aikacinsu ne, dole ka kare su. In wahala suke sha haka me ya sa ba su rufe ba?

Injiniya Auwal:
Suna rufewa mana Alhaji, ranka ya daɗe. Go First na Indiya ya durƙushe a 2023. Spirit ɗin da Kawu ya ambata, sarkin tsinkar kuɗi, ya shiga kotun fatara a Nuwamban 2024, ya sake komawa a 2025. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya, IATA, ta ƙiyasta ribar da ke saura a kan kowane fasinja bayan an cire komai ba ta wuce dala 6 zuwa 7 ba a 2024. Wato kuɗin akwati ɗaya ya ninka ribar kujerar sau da yawa. Shi ya sa ba za su saki ba. Ban ce ya yi daɗi ba, lissafin nake nuna maka.

Barista Hadiza:
Injiniya na yarda da kai a kan ƙarancin jirage, amma matsakaicin nan na dala 7 yana ɓoye abu. An haɗa masu asara da masu cin kasuwa aka raba. A Amurka, Delta ya haɗiye Northwest a 2008, United ya haɗe da Continental a 2010, Southwest ya saye AirTran a 2011, American da US Airways suka zama ɗaya a 2013. Huɗun nan su ke riƙe da kusan kashi 80 na kasuwar cikin gida. Inda gasa ta ragu, ba sai an haɗa baki a ɗaki ba, ɗaya ya ƙara, sauran su bi cikin mako. Haɗa bakin ma an taɓa kamawa: a 2007 an ci British Airways tarar dala miliyan 300 a Amurka kan haɗa baki wajen tsayar da ƙarin kuɗin mai, har da wanda ya yi da Virgin Atlantic.

Ni abin da ya fi tsaya min a labarin Maman Ilham shi ne kujerar yaron. Nura ya ce kowa ya biya abin da ya ci. To me yaro ɗan shekara huɗu ya ci da ya zauna kusa da uwarsa? Jirgin bai ƙara nauyi ba, bai ƙara shan mai ba. Kwamfuta ce ta raba su, sannan aka sayar mata da maganin ciwon da aka ƙirƙira. Wani kwamitin bincike na majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoto a Nuwamban 2024 cewa kamfanoni biyar sun samu dala biliyan 12.4 daga kuɗin zaɓen kujera tsakanin 2018 da 2023. Rahoton ya kuma nuna biyu daga cikinsu sun biya ma'aikatan ƙofa da wasu ladan dala miliyan 26 a 2022 da 2023 don kama jakunkunan da suka wuce ƙa'ida. In ana ba ma'aikaci lada a kan kowace jaka, ai tayoyi ma za su zama laifi.

Nura Ɗalibi:
Anti Barista, a kan yara na sauka, ban da ta cewa. Amma a kan akwati ina nan a kan bakana.

Maman Ilham:
Barista, wato akwai inda doka ta hana raba uwa da ɗa?

Barista Hadiza:
Akwai 'yar'uwa, sai dai ya danganta da inda jirgin ya tashi da kuma ƙasar kamfanin. Italiya ta hana karɓar kuɗi don zaunar da yaro ɗan shekara 2 zuwa 12 kusa da mai kula da shi tun 2021, Ryanair ya kai ƙara ya sha kaye a 2024. Indiya ma ta ba da umarni a 2024 cewa yaro har zuwa shekara 12 a zaunar da shi da ɗaya daga iyayensa in tikitinsu a haɗe yake. A Kanada, yaron da bai kai biyar ba dole kujerarsa ta manne da ta babbansa, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sifaniya kuwa a Nuwamban 2024 ta ci kamfanonin araha biyar tarar yuro miliyan 179, Ryanair ya ɗauki kaso mafi tsoka, saboda kuɗin jakar hannu da na kujerar yara da makamantansu. Kamfanonin sun garzaya kotu. Tun 2014 ma kotun Tarayyar Turai ta ce jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi larura ce ta tafiya, bai kamata a sa mata kuɗi daban ba. Rigimar da ake har yau ita ce, wane girma ne matsakaici.

Waccan inshorar da kika tarar an zaɓa miki, a dokar Tarayyar Turai ta 2008 haramun ne. Duk ƙarin da ba dole ba, fasinja ne zai zaɓa da hannunsa, kuma farashin da aka nuna tun farko ya ƙunshi duk haraji da kuɗin da ba makawa.

Alhaji Tanko:
To ni ga tawa tambayar. Na duba tikiti da safe, na dawo da rana ya ƙaru, na dawo da dare ya sake ƙaruwa. Wayata ce ke kai musu rahoto cewa na matsu. Yarona ya ce in riƙa goge tarihin bincike.

Kawu Bala:
Alhaji bari in gaya maka abin da na yi shekaru ina kallo a allon aiki. Kujerun baya na jirgi iri ɗaya ne a ido, amma a cikin kwamfuta an kasa su aljihu-aljihu, kowane da harafinsa: Y, B, M, Q, da sauransu. Y shi ne mai tsada, ana sauka har zuwa mafi araha. Kowane aljihu da adadin kujerun da aka zuba masa. In na ƙasa ya ƙare, sai na samansa ya bayyana. Tsakanin safiyarka da darenka wasu sun saya, ko kuma kwamfutar ta ga jirgin yana cika da wuri ta rufe aljihun arahar da kanta. American Airlines ne ya ƙware a wannan tun 1985, da shi ya karya wani kamfanin araha mai suna People Express. Tunanin shi ne, kujera kamar ɗanyen kaya take, da an rufe ƙofar jirgi wadda ba kowa a kanta ta lalace har abada. Don haka a sayar wa mai yawon buɗe ido da araha tun da wuri, a ajiye wasu da tsada don wanda tafiya ta kama shi kwana biyu kafin tashi.

Ga wani abu da zai amfani Maman Ilham. In kujera biyu suka rage a aljihun araha, kika nemi uku a tare, galibi kwamfuta ba za ta ba ki biyu da araha ɗaya da tsada ba, duk ukun za ta ɗaga zuwa aljihu na gaba. Ki fara neman mutum ɗaya ki ga farashi, sannan ki nemi uku ki kwatanta. Sai dai da ƙananan yara ban ba ki shawarar raba tikiti ba, don in aka samu canjin jirgi za a iya watsa ku. Ga manya dai dabara ce.

Nura Ɗalibi:
Amma Kawu, zargin Alhaji ba daga sama ya faɗo ba. A 2025 Delta ya faɗa da bakinsa cewa yana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tsara farashin wani kaso na tikitinsa, har wasu sanatoci suka rubuta masa takarda. Ya amsa cewa ba ya duba bayanan mutum ya yanka masa farashi nasa shi kaɗai.

Alhaji Tanko:
Ka ji ko! Yau yaron nan ya dawo layina. Su ce ba sa yi, mu ce mun ji.

Shugaban zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci. Na goge saƙo biyu na masu tallar tikiti mai rahusa ta akwatin sirri. Kada kowa ya tura wa wani kuɗi ko hoton fasfo daga nan.

Kawu Bala:
Madalla shugaba. Wani abu da ban faɗa ba: ku riƙa buɗe rasiɗin tikiti ku karanta layi-layi. Za ku ga wasu haruffa biyu, YQ ko YR. Mutane suna ɗauka haraji ne don yana zaune cikin jerin haraji, alhali aljihun kamfani yake shiga. A da sunansa ƙarin kuɗin mai, da mai ya sauka aka sauya masa suna aka bar shi. A wasu dogayen hanyoyi yakan fi ainihin farashin tikitin yawa. Wanda ya tara makin da kamfani ke ba masu yawan tafiya ya karɓi tikitin kyauta ma sai ya biya shi a kamfanoni da yawa.

Harajin gaskiya shi ma yana nan. Birtaniya tana karɓar harajin fasinja tun 1994, kuma yana ƙaruwa da nisan tafiya. Jamus ta ƙara nata a 2024, Faransa a 2025, Suwidin kuwa ta soke nata a 2025. Ga kuɗin filin jirgi, ga na tsaro. Sabon shigowa shi ne na muhalli: Turai ta wajabta cakuɗa kashi 2 na man da ba na fetur ba daga 2025, Lufthansa ya ɗora ƙarin da ya kama daga yuro 1 zuwa 72 a kan tikiti.

Barista Hadiza:
Tunda Kawu ya kawo rasiɗi: harajin gwamnati da na filin jirgi da yawa sai ka tashi ake bin ka su. In ka fasa tafiya, ko da tikitin ba a mayar da kuɗinsa, kana iya neman a dawo maka da wannan kason. Ba za su tuna maka ba, wasu ma sai sun cire ladan aiki.

Kuma in an karɓi kuɗin akwati, akwatin ya zama amana. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda yawancin ƙasashe suka sa wa hannu, ta ɗora wa kamfani diyyar kaya a tafiyar ƙasa da ƙasa har kusan dala 2,000 ga kowane fasinja. Amma da wa'adi: kwana 7 in akwatin ya lalace, kwana 21 in ya makara, kuma a rubuce. Kada ka bar filin jirgi ba ka cike takardar rahoto ba, kada ka yar da ɗan sitikan da aka manna maka a bayan katin shiga. A Turai kuma, in jirgi ya isa da lattin awa uku ko fiye kuma laifin kamfani ne, diyya yuro 250, 400 ko 600 ce gwargwadon nisa. A Amurka kana da awa 24 ka fasa tikiti a mayar maka da kuɗinka cif, in ka saya aƙalla mako guda kafin tashi.

Alhaji Tanko:
Barista da na san wannan da ban bar musu akwatina da suka fasa bara ba. Sai da na kwana goma na je, suka ce lokaci ya wuce. Na ɗauka wulaƙanci ne kawai irin nasu.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na buɗe rasiɗina yanzu, ga YQ ɗin nan zaune Kawu, kamar ka gani. Dawowarmu saura mako biyu kuma kamfanin dai shi ne. Na ɗauko tef ɗin awo na auna jakar har da tayoyi da mariƙi, ta wuce da santimita uku, don haka zan bar wa ƙanwata ita in ari tata mai laushi. Tambaya ɗaya ta rage: 'yar jakar makarantar Ilham da take goyawa, ita ma za su ƙirga ta?

Kawu Bala:
Tunda tana da kujerarta, tana da haƙƙin ƙaramar jaka ɗaya da za ta shige ƙarƙashin kujerar gabanta, shi ma ƙaninta haka. Ki raba musu kayan nauyi-nauyi a nan. Ki duba awon a shafin kamfanin da kanki ki ɗauki hotonsa a waya, don kowane kamfani da nasa kejin. Kuma in tafiyar da yada zango ce a jirgin wani kamfanin daban, ki duba nasa shi ma.

Nura Ɗalibi:
Anti, rigunan sanyi kuma a saka su a jiki, ba a auna wanda aka sa.

Alhaji Tanko:
Kada ka faɗa da ƙarfi yaro, suna karantawa.